Matafiyi da Neman Intanet Kyauta

Tun zamanin da, tafiya sana'a ce a wurin Hausawa. Fatake sukan tashi daga Kano da jakunansu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, inda suke sayen goro. Maniyyata kuwa sukan bi ta Cadi da Sudan a ƙasa, wasu sai sun yi shekaru kafin su komo gida. A irin wannan tafiya babu abin da ya kai ruwa muhimmanci. Madugu na ƙwarai shi ne wanda ya san inda rijiyoyi suke, ya san wadda ke ƙafewa da rani, ya kuma san garin da ake barin baƙo ya ɗebi ruwa kyauta da wanda sai ya biya.

Matafiyin yau yakan isa Jidda ko Istanbul cikin sa'o'i kaɗan, kuma ruwa ba ya ba shi wahala. Abin da yake fara nema da zarar jirgi ya sauka shi ne intanet. Tikitinsa na cikin waya, adireshin masaukinsa na cikin waya, haka ma lambar wanda zai tarye shi. Da waya zai kira mota, da ita zai ga hanya, da ita zai shaida wa iyalinsa cewa ya sauka lafiya. Wanda ya sauka a baƙon gari da tsakar dare, wayarsa ba ta aiki, shi kuma bai iya harshen mutanen garin ba, ya san ma'anar maganar da ake yi cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Hanyoyi uku ne a gaban irin wannan matafiyi. Yana iya amfani da layinsa na gida a ƙasar da ya je, abin da ake kira romin, amma kuɗinsa yakan ninka na gida sau da yawa. Yana iya sayen layin ƙasar, sai dai wannan na buƙatar kuɗin ƙasar da fasfo da kuma shagon da ke buɗe. Hanya ta uku ita ce ya nemi Wi-Fi na kyauta. Ita ce mafi sauƙi ga aljihu, amma tana da ƙa'idoji da kuma haɗarin da ya kamata a sani.

Mene ne Wi-Fi?

Wi-Fi hanya ce ta haɗa waya ko kwamfuta da intanet ba tare da igiya ba. Intanet ɗin yakan shigo gini ta igiyar da aka binne a ƙasa, ko ta tauraron ɗan'adam, ya isa wata 'yar na'ura mai kama da akwati da ake kira rauta. Ita ce ke watsa shi a iska, duk wayar da ke kusa ta kama.

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Wi-Fi ma rediyo ne, sai dai zangonsa ya fi waɗannan gajarta nesa ba kusa ba. Galibi yana aiki a kan gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, na biyun ya fi sauri amma ba ya nisa. Tashar gajeren zango takan tsallake ƙasashe da tekuna, ita kuwa rauta da wuya ta wuce mita 50 a cikin gini. Shi ya sa baƙon da aka ba ɗaki a ƙarshen baranda yakan sauko falon otal kafin ya samu.

Tarihin Wi-Fi ya faro ne daga shekarar 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna na rediyo, ta ce kowa na iya amfani da su ba tare da lasisi ba. A 1997 wani kwamitin injiniyoyi a ƙarƙashin Vic Hayes na ƙasar Holan ya fitar da ƙa'ida mai lamba 802.11, domin na'urorin kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna. A 1999 aka raɗa masa suna Wi-Fi, kuma a shekarar ce kamfanin Apple ya fara sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka mai suna iBook da ke iya kama shi. Rashin buƙatar lasisin nan shi ne tushen komai. Kamfanin waya sai ya biya gwamnati maƙudan kuɗi kafin ya sami zango, mai gidan abinci kuwa rauta kawai zai saya ya jona.

Akwai wani kuskure da matafiya da yawa ke yi. Idan suka ga alamar Wi-Fi ta cika a waya, sai su ɗauka intanet zai yi sauri. Alamar tana nuna kusancin waya da rauta ne kawai. Lamarin kamar famfon unguwa yake: ko mutum na tsaye a bakin famfo, in masu bokiti sun yi yawa dole ya jira. Saboda haka Wi-Fi na otal yakan yi nauyi da daddare, lokacin da kowa ya dawo ɗaki, ya kuma yi sauri da asuba.

Yadda ya zama kyauta

A farkon shekarun 2000, matafiyin da ke son duba imel shagon intanet yake shiga, ya sayi rabin awa ko awa guda, ya zauna gaban kwamfutar shagon. Haka abin yake a Kano da Kumasi, haka kuma a London da Paris. Wi-Fi a lokacin sabon abu ne, kuma mutane da yawa da suka sayi rauta ba su san yadda ake kulle ta ba. Sai masu kwamfutar tafi-da-gidanka suka riƙa zagaya titi suna neman inda aka bari a buɗe. A 2002 wani ɗan Birtaniya mai suna Matt Jones ya kawo shawarar a riƙa zana alama da alli a jikin bango: rabin da'ira biyu da suka ba juna baya na nufin a buɗe yake, cikakkiyar da'ira kuma na nufin a kulle. Dabarar ba ta daɗe ba, amma jaridun duniya sun yi ta labarinta.

Su kuwa otal-otal da gidajen shan gahawa da filayen jirgin sama sayarwa suke yi. A Amurka, gidajen abinci na McDonald's suna karɓar dala 2.95 a kan awa biyu. Abin ya sauya bayan da wayoyin zamani suka bazu, kowa ya zama yana ɗauke da na'urar Wi-Fi a aljihunsa. A watan Janairun 2010 McDonald's ya mai da nasa kyauta a rassa kimanin 11,000 a Amurka, Starbucks ya bi sahu a watan Yuli na shekarar. Lissafin ɗan kasuwa ne: wanda ya zauna duba saƙo zai sayi shayi, gobe ma zai dawo. Cikin 'yan shekaru, wurin da ke sayar da Wi-Fi ya zama abin mamaki.

Wuraren da ake samu

Filin jirgin sama shi ne wuri na farko. Mafi yawan manyan filaye, irin su na Dubai da Doha da Heathrow, suna ba da Wi-Fi kyauta. Akan rubuta sunansa a kan alluna ko a teburin masu ba da bayani. Idan waya ta kama, sai wani shafin maraba ya buɗe, ya nemi a amince da sharuɗɗa. Wasu filayen sukan nemi lambar waya, su aiko da lambar sirri ta gajeren saƙo. A nan ne baƙo kan maƙale, domin idan layinsa na gida ba ya karɓar saƙo a waje, lambar ba za ta iso ba. A filin jirgin Istanbul da manyan filayen ƙasar Sin akwai injinan da mutum zai ɗora fasfonsa a kai su ba shi lambar. Matafiyin da ya yada zango na sa'o'i yana jiran wani jirgin, neman wannan injin ne aikinsa na farko.

A cikin jirgin ma yanzu ana samu. Kamfanin JetBlue na Amurka ya kammala sa Wi-Fi kyauta a dukan jiragensa a 2017, Qatar Airways kuma ya fara ba fasinjoji intanet na Starlink kyauta a wasu jiragensa a 2024. Wasu kamfanonin har yanzu sayarwa suke yi, ko su ba da damar aika rubutaccen saƙo kaɗai.

Na biyu, tashoshin jirgin ƙasa da jiragen kansu. A Jamus, tun 2017 duk fasinjan jirgin ICE mai sauri yana samun Wi-Fi kyauta. A Indiya, inda Hausawa da dama ke zuwa karatu da neman magani, kamfanin Google da RailTel na gwamnati sun fara da tashar Mumbai Central a watan Janairun 2016. Google ya janye a 2020, amma RailTel ya ci gaba, har tashoshin suka haura 6,000. Google ya kawo irin wannan shiri Legas a 2018 da sunan Google Station, ya rufe shi a 2020. Darasin da ke nan shi ne, abin kyauta yana hannun mai bayarwa. Wurin da wani ya samu bara, mai yiwuwa bana babu.

Na uku, ɗakunan karatu na jama'a. A Birtaniya da Amurka kusan kowane gari yana da laburare, kuma baƙo na iya shiga ya zauna ba tare da ya sayi komai ba. Akwai kujera da wurin cajin waya, da ɗumi a lokacin hunturu. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe ɗakunan karatu a Amurka, da yawa daga cikinsu sun bar Wi-Fi a kunne, mutane suka riƙa zama cikin motoci a harabarsu suna aiki.

Na huɗu, tituna da dandali. Birnin New York ya fara cire tsofaffin wayoyin jama'a a 2015, yana maye gurbinsu da dogayen akwatuna masu suna LinkNYC. Suna ba da Wi-Fi da cajin waya da kira kyauta zuwa ko'ina cikin Amurka, kuɗin kuma daga tallace-tallacen da ke jikinsu yake fitowa. Tarayyar Turai ta fara wani shiri mai suna WiFi4EU a 2018, inda ta ba dubban ƙananan hukumomi yuro 15,000 kowace domin su sa Wi-Fi a dandali da wuraren shaƙatawa da gidajen tarihi.

Ɗalibai da malaman jami'a suna da wata garaɓasa ta musamman mai suna eduroam. An ƙirƙiro ta a Turai a farkon shekarun 2000, yanzu kuma tana aiki a ƙasashe fiye da 100. Ɗalibin da jami'arsa ke cikin tsarin, da suna da lambar sirrin jami'arsa zai shiga Wi-Fi na kowace jami'a da ke ciki, ko a wace nahiya take. Ya fi kyau ya saita wayarsa tun yana jami'arsa, domin idan matsala ta taso, jami'ar da ya baƙunta ba ta da ikon gyara masa asusu.

Sai kuma hanya mafi tsufa, wato tambaya. Matambayi ba ya ɓata. A gidan abinci, sau da yawa lambar sirri tana jikin rasit ko a bango kusa da mai karɓar kuɗi. Ladabi shi ne mutum ya sayi wani abu, ko da kofin shayi ne, sa'an nan ya tambaya. A gidajen Hausawa mazauna Jidda ko Bronx ko Manchester, lambar Wi-Fi ta shiga sahun abin da ake tarbar baƙo da shi. Bayan an gaisa an kawo ruwa, sai a ji mai gida ya ce wa ɗansa: "Karɓi wayar Baffanka ka sa masa Wi-Fi, ya kira gida su ji ya iso."

Kowace ƙasa da dokarta

Yawan Wi-Fi na kyauta a ƙasa bai dogara da arzikinta kaɗai ba, doka ma tana da hannu. Jamus ta daɗe tana bayan maƙwabtanta a wannan fanni, saboda dokarta tana iya kama mai rauta da laifin da wani ya aikata ta kan layinsa, kamar satar fim ko waƙa. Masu shaguna suka ji tsoron buɗewa, har sai da aka sauya dokar a 2017. Italiya kuwa ta kafa doka a 2005, bayan harin bama-bamai na London, cewa sai an ga katin shaidar mutum kafin a ba shi intanet a wurin jama'a. An janye wannan sharaɗi daga farkon 2011.

Samun Wi-Fi kuma ba ya nufin komai zai buɗe. 'Yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou saro kaya sun san cewa a ƙasar Sin an toshe Facebook tun 2009, da Google, da kuma WhatsApp tun 2017. Da WeChat ake magana da masu kaya, don haka mai dabara yakan buɗe shi tun yana gida, ya kuma sa wa iyalinsa. A Dubai rubutaccen saƙon WhatsApp yana tafiya, amma an toshe kiran murya da na bidiyo, sai da manhajojin da hukuma ta amince da su, irin su Botim. A Saudiyya kuma intanet ya shiga cikin hidimar ibada kanta, domin ta manhajar Nusuk ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi da ke Madina.

Akwai bambanci tsakanin Wi-Fi da aka buɗe domin jama'a da wanda mai shi ya manta bai kulle ba. Shiga na biyun ba da izini ba laifi ne a ƙasashe da dama. A 2005 wata kotu a London ta ci tarar wani mutum fam 500 saboda ya riƙa tsayawa da mota a wata unguwa yana amfani da Wi-Fi na gidajen mutane. A Singafo, a 2007, an yanke wa wani saurayi ɗaurin talala na wata 18 saboda ya shiga na maƙwabcinsa. Ƙofa a buɗe ba ta hana sallama.

Abin da ake biya ba a sani ba

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba da Wi-Fi yana biyan kuɗin layi da wutar lantarki, kuma yakan nemi hanyar mai da kuɗinsa. Wani ta ciniki yake mayarwa, wani ta talla, wani kuma ta bayanan masu shiga. Adireshin imel da lambar waya da ranar haihuwa da ake cikewa a shafin maraba duk kaya ne masu daraja a wurin masu talla.

Mutane kaɗan ne ke karanta sharuɗɗan da suke amincewa da su. A 2014 kamfanin tsaron kwamfuta na F-Secure ya ɗauki nauyin wani gwaji a London. Aka buɗe Wi-Fi kyauta, aka rubuta a cikin sharuɗɗa cewa wanda ya shiga ya yarda ya ba da ɗansa na fari. Mutum shida suka amince. A 2017 wani kamfani mai suna Purple ya yi irin wannan a Birtaniya, mutum 22,000 suka amince da yin aikin gayya na awa 1,000, har da wanke ban-ɗakin jama'a. Ba a karɓi ɗan kowa ba, ba a kuma sa kowa shara ba, amma gwajin ya nuna yadda ake danna "na yarda" ido rufe.

Ko ba a shiga ba ma, wayar da Wi-Fi ɗinta ke kunne tana ta cigiyar rauta, kuma ana iya jin wannan cigiya. A 2013 aka gano cewa wasu kwandunan shara na zamani a tsakiyar London suna ƙirga wayoyin masu wucewa ta wannan hanya, hukumar birnin ta ba da umarni a daina. Wayoyin yanzu sukan sauya lambar da suke bayyana kansu da ita domin rage irin wannan bibiya.

Haɗarin 'yan kutse

A jerin sunayen Wi-Fi da waya ke nunawa, wasu suna da alamar kwaɗo a gefe, wasu babu. Marar kwaɗo shi ne buɗaɗɗe, kuma abin da ke tafiya tsakanin waya da rauta a kansa kamar magana ce a tsakiyar kasuwa, na kusa na iya ji. A watan Oktoban 2010 wani masanin kwamfuta mai suna Eric Butler ya fitar da manhajar Firesheep, wadda ta ba kowa damar shiga shafin Facebook ko Twitter na wanda ke zaune kusa da shi a gidan gahawa. Ya yi haka ne domin ya tilasta wa kamfanoni su gyara, kuma sun gyara. A yau mafi yawan shafuka suna lulluɓe bayanai kafin su bar waya, alamar hakan ita ce adireshin ya fara da https. WhatsApp ma tun 2016 yake kulle saƙo ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karantawa.

Haɗarin da ya rage, wanda ya fi shafar matafiyi, shi ne Wi-Fi na jabu. Ɗan damfara yakan zo da 'yar na'ura a jaka, ya ba ta suna irin na filin jirgi ko na otal. Wanda ya shiga sai ya ga shafi mai kama da na gaske yana neman lambar sirrin imel ko ta Facebook. A 2024 'yan sandan Ostareliya sun kama wani mutum a Perth, bayan ma'aikatan wani jirgi sun lura da baƙon Wi-Fi ana cikin tafiya. Bincike ya nuna ya ɗana irin wannan tarko a filayen Perth da Melbourne da Adelaide. Wanda aka sace wa lambar imel, ana iya bi ta nan a sauya lambobin sauran asusunsa, a kuma aika wa 'yan'uwansa saƙo da sunansa cewa ya shiga matsala a hanya, su turo kuɗi da gaggawa.

Kariya daga wannan ba ta da wuya. Matafiyi ya tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunan Wi-Fi ɗinsu, harafi da harafi. Ya sani cewa Wi-Fi na gaskiya ba ya buƙatar lambar sirrin imel ko ta banki. Idan shafin maraba ya nemi a sauke wata manhaja da ba a sani ba, ko waya ta yi gargaɗi cewa shafi ba amintacce ba ne, ya fita nan take. Harkar banki ya bar ta sai ya sami layin waya ko Wi-Fi na gidan da ya amince da shi. Bayan ya gama, ya sa waya ta manta da sunan, domin kada gobe ta kama wani mai irin sunan da kanta. Wasu sukan ƙara da manhajar VPN, wadda ke lulluɓe duk abin da ke fita daga waya, amma ya kamata a san dokar ƙasa, domin Sin da wasu ƙasashe sun taƙaita amfani da ita.

Shiri tun daga gida

Fatake ba su barin rijiya sai sun cika salka, domin ba su da tabbacin ta gaba. Haka matafiyin yau ya kamata ya yi da wayarsa. Kafin ya tashi, ya sauke taswirar garin da za shi, domin waya tana iya nuna wa mutum inda yake ta tauraron ɗan'adam ko babu intanet, muddin taswirar na ciki. Ya sauke harshen ƙasar a manhajar fassara. Ya ɗauki hoton tikiti da biza da takardar otal. Adireshin masauki da lambar mai masauki kuwa ya rubuta su a takarda, cikin rubutun ƙasar in da hali, saboda takarda ba ta mutuwar caji.

Ya tabbatar layinsa na gida zai karɓi gajeren saƙo a waje, amma ya kashe data tun kafin jirgi ya tashi, domin manhajoji sukan ci kuɗi a ɓoye. Ya riƙe batirin ko-ta-kwana da kan caja da ya dace da soket ɗin ƙasar, tun da na Birtaniya da Nijeriya da Gana mai ƙafa uku ne, na Faransa da Nijar mai ƙafa biyu zagayayyu, na Amurka kuma daban. Idan tsoho ne ko tsohuwa za su yi tafiya, kamar aikin Hajji ko Umara, 'ya'ya su zauna da su a gwada komai sau biyu ko uku kafin ranar tashi.

Wi-Fi na kyauta ya wadatar ga mai yada zango da mai kwana biyu ko uku. Wanda zai daɗe, ko zai riƙa yawo cikin gari, gara ya sayi layin ƙasar ko eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da an sa kati ba. Mai layin wata ƙasa ta Tarayyar Turai yana da sauƙi, domin tun ranar 15 ga Yunin 2017 aka soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashen tarayyar. Yawancin gogaggun matafiya haɗa hanyoyin biyu suke yi: layin waya domin hanya da banki da gaggawa, Wi-Fi kuma domin doguwar hira da iyali da aika hotuna idan an koma masauki.

Tambayoyi

1. Wace dangantaka ke tsakanin aikin madugu da halin da matafiyin yau ke ciki?
2. Me ya sa mai gidan abinci ke iya ba da Wi-Fi ba tare da lasisi ba?
3. Me ya sa intanet ke yin nauyi a otal da daddare, ko da alamar Wi-Fi ta cika?
4. Kawo ƙasashe biyu da doka ta rage yawan Wi-Fi na kyauta a cikinsu, tare da bayanin yadda hakan ya faru.
5. Bayyana ma'anar "banza ba ta kai zomo kasuwa", sa'an nan a nuna yadda karin maganar ya dace da gwajin da aka yi a London a 2014.
6. Rubuta gajeriyar hira tsakanin baƙo da ma'aikaciyar otal, inda baƙon ke tambayar sunan Wi-Fi da lambar sirrinsa.